Wata huɗu da kwana goma

Ana fita da gawar maigidana Gwaggo ta ja ni ƙuryar ɗaki, ta turo ƙofa, ta ce, "Ke, dube ni nan. Akwai ciki?" Na girgiza kai. Ta ce, "To, wata huɗu da kwana goma ke nan. Yau 5 ga Zulƙida. Ki riƙe a ranki." Da akwai ciki, haihuwa ce za ta fitar da ni, ko da washegari ta zo. Tunda babu, sai lissafin wata.

Ranar Alhamis ce, 25 ga Mayu 2023. Ya fita da A Daidaita Sahunsa bayan asuba kamar kullum, ya sauke yara a makaranta, wajen ƙarfe 11 ya dawo yana cewa kansa kamar ana sara da gatari. Na ba shi magani, ya kwanta. Da na shiga tashinsa sallar azahar sai na tarar bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya motsi. A cikin keken nasa ƙaninsa ya kai shi asibiti, ina riƙe da kansa a cinyata. Likita ya ce hawan jini ne ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa. Shekara 12 muna tare, ban taɓa ganin an ɗaura masa abin awon jini a dantse ba. Maza, don Allah ku riƙa zuwa ana gwada ku. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Da aka gama suturta shi an kira ni in yi masa addu'a. Na durƙusa a gefen tabarmar, na ce na yafe masa duniya da lahira. Abin da ban iya faɗa a gaban mutane ba shi ne, da safen nan mun ɗan yi sa-in-sa a kan kuɗin cefane, kuma ni ce mai laifi.

A daren aka tsefe min kai, aka cire min ɗan kunne da zobe da awarwaro. Wata dattijuwa daga dangin mijina ta zo da nata dokokin: ta miƙo min wata 'yar wuƙa mai ƙotar itace, wai in riƙa riƙewa duk sanda zan zagaya, kada in kalli madubi, kada in ɗaga murya, wanka kuma sai Juma'a-Juma'a. Washegari malamar Islamiyyarmu ta zo gaisuwa, ta ga wuƙar a hannuna, ta yi murmushi. Da mutane suka ragu ta zaunar da ni ta tsince min shari'a daga al'ada. Ba kwalli, ba turare, ba lalle, ba tufafin ado. Kwana a ɗakin da mijina ya bar ni. Ba a ɗaura aure, ba a fito fili a nema. In lalura ta kama, zan iya fita. Wanka kuwa, ta ce, ko sau uku a rana na ga dama in yi, tsafta ba ta cikin abin da aka hana. Wuƙar na tura ta ƙarƙashin katifa don kada ran tsohuwa ya ɓaci.

Kwanakin farko ba a gane komai. Gida cike, tabarmi har soro, kwanukan abinci na shigowa daga maƙwabta. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari." "Amin." Na faɗi amin ɗin nan har ta daina taɓa min harshe. Ranar Litinin, kwana 4 da rasuwar, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya tsaya a Abuja ya ce tallafin mai ya tafi. Daga bakin mazan da ke zaman makoki a ƙofar gida labarin ya shigo mana. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya ƙare. 'Yan uwan da suka zo daga ƙauye da niyyar yin bakwai sai suka fara haɗa kaya, kowa na tsoron kuɗin mota. Ban ga laifinsu ba. Bayan bakwai gidan ya yi tsit: ni, yara uku, sai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da ta baro ƙauyenmu na wajen Ɗambatta don ta taya ni zama.

Malama ta bar min addu'a guda, ta Ummu Salama, ta rubuta min a bayan takardar magani. Bayan Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sai a ce: Allahumma'jurni fi musibati, wa akhlif li khairan minha. Ya Allah Ka ba ni lada a kan wannan musiba, Ka musanya min da abin da ya fi ta alheri. Rabin farko ba ya ba ni wahala. Rabi na biyun ne ya tsaya min a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Musanya da me? Da wa? Na san labarin, an karantar da mu: ita ma Ummu Salama da aka ce ta faɗa sai da ta ce wane Musulmi ne ya fi Abu Salama, daga baya ta faɗa, Allah Ya musanya mata da Manzon Allah (SAW). To ita ke nan. Ni kullum in na kai "musibati" sai in shafa.

Babbar Sallah ta zo ranar Laraba, 28 ga Yuni, muna kwana 34. Maigidana ba kowace shekara yake iya rago ba, yawanci watanda yake shiga da abokan sana'arsa, ya shigo da kasonsa a leda yana ta cika baki. A bana nama ya shigo gidan nan fiye da kowace shekara, cinya guda ma wani ya aiko. Ina soyawa ina hawaye, don na san sunan wannan naman: na marayu ne. Autata, mai shekara 4, ta saka sabuwar rigarta ta zo ta tsaya a kaina, ta ce wa zai kai su kallon dawakai.

Daga daren nan abin ya fara. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da farko tambayoyi ne irin na kowa. Ga tsofaffi kwance shekara da shekaru suna roƙon Allah Ya ɗauke su. Ga waɗanda suka cinye haƙƙin jama'a suna ta ƙiba. Sai mai fita tun asuba neman na cefane? Daga nan ta gangara. A barandar asibitin nan babu irin roƙon da ban yi ba, goshina a kan siminti, na yi alkawarin azumi, na yi na sadaka. Ko awa uku ba a ƙara masa ba. Sai wata murya can ƙasa ta ce, anya ana ji kuwa? Ko yanzu da nake rubutawa hannuna rawa yake. In ta zo sai in tashi zumbur in yi ta a'uziyya, in yi alwala, in tayar da sallah, in idar ban san me na karanta ba. Sallah ban fasa ba ko sau ɗaya. Amma na daina ɗaga hannu bayan sallama. Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma, Allah na tuba, ina jin haushi.

Gwaggo ba ta yi karatu mai zurfi ba, iyakarta surorin sallah. Takaba kuwa sau biyu ta yi. Ba ta taɓa ce min "ki yi haƙuri" ba tun bayan bakwai. Abin da take yi, in dare ya raba, babu wuta, sauro na kuka, ta ji ina juyi a kan katifa, sai ta ce, "Ba ki yi barci ba ko? Wai ni ranar da kika haifi babbar nan, ya aka yi ne? Na manta."

Ba ta manta ba. Amma na ba ta labarin.

Juma'a ce, 20 ga Janairu 2012, ana tsakiyar sanyi. Cikin fari ne, kuma ban je goyon ciki ba tunda mahaifiyata ta rasu tun ina 'yar shekara 9. Tun azahar marata ke ɗaurewa. Lokacin yana acaɓa, ya ce bari ya ɗan zaga ya samo na asibiti ya dawo. Wajen ƙarfe 5 na yamma muka ji ƙarar farko, kwanukan da ke kan kanta suka zubo. Sai ta biyu, sai harbi ta ko'ina. Duk wanda yake Kano a ranar ya san abin da nake faɗa: hedikwatar 'yan sanda ta shiyya, Bompai, ofishin fasfo, hayaƙi ya rufe gari. Mutum sama da 180 aka rasa. Aka sa dokar hana fita. Waya ba ta shiga. Ni kaɗai a ɗaki, faya ta fashe, ina rarrafe ina kiran sunan Allah. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa a gidan da ke bayanmu, wadda ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba, ita ta ji nishina ta katanga. Ta taka turmi ta hauro, da shekarunta. Da fitilar ƙwai da sabuwar reza ta karɓi haihuwar. Shi kuwa sai wajen ƙarfe 1 na dare ya shigo, yana tura babur ta lungu-lungu, ƙafarsa duk ta farfashe. Ya ga jaririya a zani, ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka kamar yaro.

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah. Turmi fa kika ce?" Na ce turmi. Ta ce, "Hm." Ta juya ta yi barcinta.

Bayan kwana biyu ta sake mantawa da wani abu. Wannan karon hana acaɓa ne. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a Kano, sana'ar maigidana ta mutu a dare ɗaya. Wata uku muna cin jari, har gadona na sayar. Wani bawan Allah da suke haɗuwa a sahun asuba, ko sunansa na gaskiya bai sani ba sai laƙabi, shi ya tsaya masa aka ba shi keke yana kawo balas. Wani daren kuma ta tono kullen korona na 2020, da aka rufe Kano a watan Afrilu, azumi ya kama, keke na ajiye a ƙofar gida ƙura ta rufe shi, ga mace-macen da aka yi ta yi a gari. Ranar da garinmu ya ƙare ƙaf, kwanon gero ya sauko ta kan katanga ɗaure da igiyar guga.

Na gane abin da take yi, kuma raina ya fara ɓaci. A dare na huɗu ko na biyar na tare ta. Na ce, "Gwaggo, na ji. An taimake ni a 2012, an taimake ni a 2013. To matar gidan can na kan kwana fa?" Ta san wadda nake nufi. Mijinta ya tafi sallar Juma'a a babban masallacin cikin gari ranar 28 ga Nuwamba 2014, ranar da aka tayar da bama-bamai ana tsaka da sallah, aka buɗe wa masu gudu wuta. Da takalminsa aka gane shi. Maigidana ma can yake zuwa, ranar ce kawai taya ta yi masa faci a hanya ya tsaya a wani masallacin. Shekara tara ina ba da labarin facin nan ina cewa Allah Ya tsare. Na ce, "Ita ba a tsare mata nata ba? Ita ba ta roƙo ne? Duk abin da kike sa ni ina tunawa, akwai wata a gefe da ba a yi mata ba. Yanzu kuma ni ce ta gefen."

Gwaggo ta daɗe ba ta ce komai ba. Na ji tana ɓare goro a cikin duhu. Can ta ce, "Ban sani ba, 'yar nan. Wallahi ban sani ba. Ni dai na binne maza biyu da 'ya'ya huɗu, biyu a shekarar farin nan ta 1973, kuma ga ni ina cin goro." Ba ta ƙara ba. Ban taɓa jin babba ya ce bai sani ba a kan irin wannan magana, kowa yana da amsa a aljihu. Daren nan na yi barci har Gwaggo ta tashe ni asuba.

Bayan arba'in na yi ƙundunbala na gaya wa Malama. Ban iya kallon idonta ba. Na zaci za ta ce in sake kalmar shahada. Sai ta ce ai sahabbai sun riga ni. Sun je wajen Manzon Allah (SAW) suka ce suna jin wani abu a ransu da suke ganin girman furta shi. Ya ce, kun ji hakan? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Ta ce hadisin yana cikin Muslim, kuma malamai sun ce abin da ake nufi shi ne ƙin abin da tsoronsa, don ɓarawo ba ya shiga kango. Ta ce in karanta mata Walluha. Na karanta, surar da nake sallah da ita tun ina yarinya. Ta ce ko na san lokacin da ta sauka? Wahayi ne ya yanke na wani lokaci, har masu gaba suka fara cewa Ubangijinsa ya rabu da shi. Da surar ta zo, bayan an ce masa Ubangijinka bai bar ka ba kuma bai ƙi ka ba, sai aka mayar da shi baya: ashe bai same ka maraya ba Ya ba ka makoma? Bai same ka mabuƙaci ba Ya wadata ka? Da na ba ta labarin Gwaggo da mantuwarta, dariya ta yi har da tafa hannu, ta ce tsohuwar nan tafsiri take min ba ta sani ba. Ta kuma nuna min aya ta 214 a Baƙara, inda aka girgiza mutane har manzo da waɗanda suka yi imani tare da shi suka ce yaushe taimakon Allah zai zo. Ta ce kuka kuma ki kai inda Annabi Yaƙubu ya kai nasa, shi da ya ce Allah kaɗai yake kai wa ƙarar baƙin cikinsa.

Maganar Malama ta cire min tsoron cewa na fita daga addini, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don tsoron ya fi komai cina. Tambayata game da matar kan kwana dai tana nan inda take.

Sai maganar gado. Abin da ya bari keke ne, shi ma da sauran biya, sai waya da 'yan tufafi. Gidan haya muke. Ƙaninsa ya karɓi keken yana ja don a ƙarasa biyan, amma a watan Yuli lita ta haura naira 600, mutane suka koma tafiya a ƙasa, wanda zai hau ma sai ya yi ta ciniki. Mako uku a jere bai haɗa kuɗin mai keke ba. Mutumin ya yi mana kawaici, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma shi ma da nasa iyalin. Dangi suka zauna da malamin unguwa, aka ce a sayar, a fara biyan bashi tunda shi ke gaban gado, sannan a raba abin da ya saura. Aka kasa kashi 24: uku nawa, wato tumuni, huɗu na Hajiya mahaifiyarsa, wato sudusi, 17 na yara, namijin ya ɗauki rabon mata biyu. Da aka kai wa Hajiya nata, ko taɓawa ba ta yi ba, ta ce a haɗa da na jikokinta, a biya haya.

Ranar da mai saye ya zo ɗauka, na leƙa ta tsagar ƙofar soro. A bayan keken akwai rubutun da maigidana ya sa aka yi masa da fenti ja: Allah gatan kowa. Ina kallon rubutun yana ƙanƙancewa har ya sha kwana. Abin da na ce a raina a lokacin ba zan rubuta shi ba.

Tsakiyar Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗaki na yoyo ta wuri uku, mun jera robobi. Auta ta kwana biyu da zazzaɓi ina ba ta abin da ya samu. Wajen ƙarfe 2 na dare jikinta ya sanƙare, idanu suka kafe, haƙora suka datse. Kwana 80 da 'yan kai ban taka ƙofar gida ba. Na saɓa ta a kafaɗa, na fito ba takalmi, Gwaggo na bina da mayafi. Layin duhu, ruwa har ƙwauri, ga shi keken da zai kai mu na sayar da hannuna. Ban san wace ƙofa nake bugawa ba, ta farko da na ga keke a gabanta ce. Matar kan kwana ce ta buɗe. Ba ta tambaye ni komai ba, ta juya ta ƙwalla wa ɗanta kira. Yaron da aka bari yana ɗan shekara 10 a 2014, shi ne ya fito yana saka riga, ya tayar da keke.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, jininta ya yi ƙasa, sai da aka yi mata ƙari. Ƙanin babanta ya bayar. Kwana uku muka yi. Daga baya na tambayi Malama ko kwanan da na yi a waje ya ɓata min takaba, ta ce lalura ce, in ci gaba da lissafina daga inda nake.

Na san yadda masu wa'azi za su ɗauki wannan labari su ɗaure shi tamau, su ce kin gani, maraya ne ya cece ki. Ni ban iya ɗaure shi haka ba. Yaron nan ya bar makaranta a aji uku na sakandare don ya ciyar da ƙannensa, da ubansa na raye wataƙila da yanzu yana jami'a. Amma dai shi ya kai mu, kuma da bai kai mu ba da na binne biyu a wata uku. Duka biyun nake riƙe da su.

Uwarsa ce ta kwana da ni a asibitin dare na biyu. Muna zaune a kan tabarma a gefen gado, ledar jini na ɗiga, na tambaye ta abin da na shekara tara ban tambaya ba. Na ce, "Yaya, ke ya kika yi?" Ta ce, "Wa ya ce miki na yi wani abu? Shekara biyu ina sallah ba na roƙon komai. In na yi sallama sai in naɗe dardumata. Mutane na ta yabona, wai ga mai tawakkali." Na ce to me ya dawo da ita. Ta ce, "Babu. Wata rana ce dai hadari ya haɗo, ga awarata cike da faranti ban sayar ba, sai na ji bakina yana cewa Allah Ka sa ta ƙare kafin ruwa ya sauko. Na tsaya na ce, au, ashe muna magana. Daga nan aka ci gaba." Na ce awarar ta ƙare? Ta ce, "Ina fa! Ruwa ya dake ta, mu muka cinye abarmu." Muka yi ta dariya a ɗakin marasa lafiya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta harare mu. Rabona da dariya tun watan Mayu.

Ita ta koya min awarar bayan mun dawo. Da tumunina na sayi waken suya kwano biyar da man gyaɗa. A jiƙa wake tun dare, da safe yaro ya kai markaɗe, a tace da ƙyalle, a ɗora ruwan a wuta. In ya tafaso a zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, nan take za ka ga ya tsinke ya dunƙule ya taso sama. A kwashe a buhu, a ɗaure, a danne da dutse har ruwan ya tsane, sannan a yanka a soya. Ta farko na cika tsami ta yi tauri kamar roba, ta biyu ta ƙi haɗuwa. A ta uku na rasa wuƙar yankawa, yara sun kai ta wani wuri, sai na tuna da ta ƙarƙashin katifa. Har yau da ita nake yanka awara, kaifinta ya fi na kowace wuƙa a gidan. Talla kuwa na ce 'yata ba za ta ɗauka ba. A soro muke ajiye faranti, yaran layi su zo su saya in an taso daga Islamiyya. Ba ta ciyar da mu gaba ɗaya, amma tana sayen sabulu da kuɗin markaɗen gobe, kuma da aka koma makaranta a Satumba ita ta sayi littattafai.

Ban san ranar da na koma ɗaga hannu ba. Na dai san abin da na fara roƙa ba babba ba ne, kuma na fara shi da ƙorafi. Na ce, Ya Allah, Kai Ka aiko mai daddawa ta kan turmi, na shaida. Kai Ka sauko da gero da igiyar guga, na shaida. Wannan kuma ban gane shi ba, kuma yana min ciwo. Iyakar abin da na ce ke nan, na shafa. Muryar nan ta dare ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, takan leƙo har yanzu, musamman ranar da kuɗin haya ya matso. In ta zo ba na zabura kamar da. Nakan yi a'uziyya, in tashi in duba waken da na jiƙa.

Takabar ta cika ranar 15 ga Rabi'ul Awwal, kwana uku bayan Mauludi. Wata daga dangi ta ce ai sai an cika kwana 130 cif, Malama ta ce da wata ake lissafi, ba da ƙidayar kwanaki ba. Da safe na yi wanka, maƙwabciya ta zo ta yi min kitso, aka ƙunsa min lalle. Hajiya ta aiko da atamfa ɗinkakkiya da turare. Da na ɗauki madubi zan saka kwalli, sai na ga fuskar mahaifiyata kamar yadda nake tuna ta, ramammiya, da furfura biyu a gaban goshi. Aka soya waina aka raba wa maƙwabta. Na fita da ƙafata na je na gaida Hajiya, muka yi kuka tare, na biya ta gidan kan kwana. Hasken titi har kashe min ido yake, kuma duk keken da ya wuce sai na kalli bayansa.

Gwaggo ta tafi washegari, ta ce gero ya isa girbi, ba za ta bar wa tsuntsaye ba. Na raka ta bakin titi. Da za ta hau mota ta ce, "In na dawo za ki ba ni labarin daren ruwan nan. Kin san ni da mantuwa."

Daren ranar babbar 'yata tana haɗa littattafanta ta tsinci takardar maganin nan a cikin Alƙur'anina, rubutun Malama ya fara goguwa. Ta ce, "Umma, wannan wace addu'a ce? Koya min." Na ce ta zauna. Na faɗa tana maimaitawa, gaɓa-gaɓa. Da na kai "fi musibati" na yi shiru. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Umma, akwai saura a takardar." Na ce na sani. Na ƙarasa mata. Ta maimaita, ta ce "ahlif", na ce a'a, daga maƙogwaro ake fito da ita, sake. Sai da ta faɗa sau huɗu ina faɗa tare da ita kafin ta daidaita, sannan na ce ta je ta kira ƙaninta ya wanke ƙafa, dare ya yi.